Motar taka ce, makullin ƙwaƙwalwarta na kamfani: tarihin motoci masu ƙwanji na Amurka

 Kamar yadda muka saba, ga shi a rubuce saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba.

Yau Amurka muka nufa, kuma maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin fetur, me ya haɗa mu da motar tseren Amurkawa? Ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni, za mu zo wurin. Motocin da nake nufi su ne waɗanda can ake wa laƙabi da motoci masu ƙwanji: Dodge Challenger da Dodge Charger da Ford Mustang da Chevrolet Camaro. Duk wanda ya kalli finafinan Fast & Furious ya san baƙar Charger ɗin nan da ke ɗaga ƙafafun gaba idan aka taka mata totur. Tambayar da nake so mu bi ita ce, yaya aka yi motar da matasa suka raina da sifana a bayan gida ta zama motar da gogaggen bakanike ma sai ya nemi izini kafin ya taɓa ta?

Bari in fara da shi kansa tseren, don mu fahimci abin da aka ƙera motocin dominsa. Mota biyu ake jerawa a kan miƙaƙƙen titi, babu kwana, babu zagaye. Fitila na yin kore kowa ya taka. Nisan rubu'in mil ne, wato mita 402, wanda ya riga isa shi ya ci. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Saboda haka duk ƙarfin da injin yake da shi, a lokaci guda ake sauke shi a kan giya da tayoyin baya. Ku riƙe wannan, don daga nan rabin wahalar gyaran ta samo asali.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari da yawa sun dawo gida Amurka da sana'ar kanikanci a hannu, sun koya a kan jiragen yaƙi da motocin soja. A kudancin Kalifoniya sai suka riƙa sayen tsofaffin motocin Ford da araha, musamman masu injin V8 ɗin da kamfanin ya fito da shi a 1932. Su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara kafireta, su gyara salansa, sannan su tafi busassun tafkuna irin su El Mirage su gwada gudu. Wasu kuma a kan titin gari suke yi da daddare, ana mutuwa, 'yan sanda na kamawa, jaridu na zagi. A 1950 wani mutum mai suna C.J. Hart ya buɗe filin tsere a wani filin jirgin sama da ke Santa Ana, ana biyan kuɗi a shiga. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke tseren daga titi a kai shi fili mai doka. A 1955 suka yi gasarsu ta ƙasa ta farko a garin Great Bend na jihar Kansas.

Kun ga dai a nan babu hannun kamfani. Samari ne da ƙwarewarsu da 'yan kuɗin aljihunsu.

To amma manyan kamfanonin Detroit ba barci suke ba. Sun lura cewa yaran da aka haifa bayan yaƙi sun fara kai shekarun tuƙi, kuma gudu suke so. A lokacin kamfanin General Motors yana da doka ta cikin gida, ba a sa babban inji a matsakaiciyar mota. Wani injiniya a sashen Pontiac, John DeLorean, shi da abokan aikinsa suka zagaye dokar. Suka ce ai ba sabuwar mota suka yi ba, zaɓi ne kawai da mai saye zai iya ƙarawa a kan Pontiac Tempest: injin V8 mai lita 6.4. Haka aka haifi Pontiac GTO a 1964, kuma a shekarar farko aka sayar da fiye da 32,000. Daga nan kowa ya shigo. A shekarar dai Ford ta ƙera Fairlane Thunderbolt guda 100 kacal saboda wannan tsere. Chrysler ta fito da injin Hemi mai lita 7, wanda daga 1966 aka fara sa shi a motocin titi da ƙarfin doki 425 a takarda. A 1969 wasu dilolin Chevrolet suka yi amfani da wata hanyar oda da ake kira COPO, wadda asalinta don odar motocin tasi da na 'yan sanda ce, suka sa aka ɗora wa Camaro injin da dokar kamfanin ta hana. Mafi tsadarsu, ZL1, guda 69 aka yi.

Idan ka buɗe bonet ɗin ɗaya daga cikin waɗannan motoci, me za ka gani? Inji a tsakiya, kafireta a samansa, distiribita, fanbel, lagireto, batir, da 'yan wayoyin da za ka iya ƙirgawa. Ga fili ta kowane gefe, hannu na shiga ko'ina. Mai sifana da sukundireba da kunne mai kyau zai saita mai, ya saita wuta, ya ji sautin injin ya san inda matsalar take. Ba ina cewa aikin sauƙi ne ba fa. Injin Hemi kafireta biyu gare shi, daidaita su sai gwani, kuma a shekarun farko bawul ɗinsa sai an riƙa saita su da hannu. Birkin yawancin motocin bai kai gudunsu ba, fetur ɗin da suke sha kuma cike yake da dalma, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Amma duk wahalar a fili take. Wanda ya dage zai koya, kuma babu wanda zai tambaye shi wa ya ba shi izini.

Wannan zamani bai kai shekara goma ba. Hayaƙi ya riga ya turnuƙe birane irin su Los Angeles, mutane suka matsa wa gwamnati. A 1970 aka tsaurara dokar tsaftar iska, aka kafa hukumar kare muhalli ta EPA. Kamfanonin inshora suka ninka wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi. A Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, aka shiga layi a gidajen mai. A 1975 aka fara sa na'urar tace hayaƙi a salansa, wadda kanikawanmu ke kira indomi, ita kuma ba ta shiri da fetur mai dalma. Injin Hemi ya tsaya a 1971. Challenger ta tsaya a 1974. Mustang ta 1974 ko injin V8 babu a cikinta a kasuwar Amurka. Corvette ta 1975, motar da suke alfahari da ita, ƙarfin doki 165 ne a injinta na asali. Wani ɓangare na faɗuwar lambobin saboda an sauya yadda ake auna ƙarfin ne a 1972, amma duk da haka ƙwanjin ya saki.

Abin da ya dawo da shi, jama'a, kwamfuta ce. Kuma a nan labarin ya juya. Kafireta ba za ta iya ba da ƙarfi da tsaftataccen hayaƙi a lokaci guda ba, don ita ba ta san abin da ke fita ta salansa ba. Sai aka kawo ƙwaƙwalwar mota, wadda a garejinmu ake ce wa birenbos. Sensa na auna iska da zafi da hayaƙi, ƙwaƙwalwa na lissafi, injakta na fesa daidai man da ake buƙata. Wajen 1981 General Motors ta sa kwamfuta a motocinta na fetur, a 1986 Mustang mai lita 5 ta bar kafireta gaba ɗaya. A 1987 Buick ta fito da GNX guda 547, silinda shida kawai da turbo, amma tana wuce masu silinda takwas.

Samarin tsere ba su yi fushi ba, sai suka bi kiɗan. Da farko suna zare wani ɗan guntun cif daga cikin ƙwaƙwalwar su sa wani. Daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Shi ne inda ake jona sikana a yau. Wannan doka don duba hayaƙi aka yi ta, amma ta zama ƙofa ga kowa. Da ƙaramar kwamfuta da manhaja, mutum zai shiga ya karanta abin da ke damun motar, har ya sauya lissafin mai da wuta. Sukundireba ta koma kwamfutar cinya, amma ƙofar a buɗe take.

Sai dai tun a lokacin jikin motar ya fara matsewa. Camaro ta 1993 zuwa 2002 misali ce da kanikawan Amurka ba sa mantawa. An tura injin baya har kusan rabinsa ya shige ƙarƙashin gilashin gaba. Fulogin baya sai da lalube, wasu ta ƙarƙashin mota ake kai musu hannu. A na farko-farkonsu an ɓoye distiribita a bayan famfon ruwa, idan famfon ya yi yoyo a kanta yake zuba. Idan kuwa injin za a sauke, hanyar da kamfani ya tsara ita ce a ɗaga jikin motar sama a fitar da shi ta ƙasa.

Yanzu mu zo kan na zamaninmu. A 2005 Ford ta dawo wa Mustang da tsohuwar fuskarta, Challenger ta dawo a 2008, Camaro ta dawo a 2010 bayan an daina ta a 2002. Kamfanonin suka farfaɗo da motocin da aka yi don filin tsere kawai: Cobra Jet a 2008, Challenger Drag Pak a 2009, COPO Camaro a 2012, ita ma guda 69 don tunawa da ta 1969. Waɗannan ba a yi musu rajista, ba a hawa titi da su. A 2015 Dodge ta fito da Hellcat, lita 6.2 da sufacaja, wato famfon da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, ƙarfin doki 707. Makulli biyu ake ba mai ita, ja da baƙi. Idan da baƙin ka tayar, ƙwaƙwalwar za ta tsayar da kai a doki 500. Kun ga tun daga makulli an nuna maka wa ke da iko.

A 2018 sai ga Challenger SRT Demon, guda 3,300. Doki 808 da fetur mai kyau na gidan mai, 840 da fetur ɗin tsere. Nauyinta ya kusa tan biyu, amma tana cinye mita 402 a daƙiƙa 9.65, tana gudun kilomita 225 a awa. Kujerar direba kaɗai ta zo da ita, wanda ke son ta fasinja a lokacin sai ya ƙara dala 1. Mai saye sai ya sa hannu a takarda cewa ya san tayoyinta ba na ruwan sama ba ne, ba na tsananin sanyi ba ne. A 2023 aka rufe da Demon 170, doki 1,025 idan an zuba mata E85, man da mafi yawansa etanol ne, kuma daƙiƙa 8.91 take yi. Gudun ya wuce abin da dokar NHRA ta yarda a yi ba tare da kejin ƙarfe da laimar birki ba. A Disamba 2023 aka daina ƙera Challenger a masana'antar Brampton da ke Kanada, Camaro ma a watan ta tsaya.

To me ya sa gyaransu ke da wuya? Ni a ganina hawa uku ne.

Na farko, matsi. Injin Hemi na yanzu fulogi biyu ne a kowace silinda, goma sha shida ke nan. Sufacaja na zaune a tsakiyar injin ta rufe sama, bututun iska da na ruwa da damin wayoyi sun cike gefe. Aikin da a 1969 minti talatin ne, yanzu sai ka kwance abu uku kafin ka ga abin da ka zo nema. Wasu kusoshin injin sau ɗaya ake ɗaure su, don suna miƙewa idan an ɗaure, in ka kwance sai sababbi. Giyar kuma mai hawa takwas ce ta ƙirar kamfanin ZF na Jamus, babu sandar duba mai a jikinta. Kafin ka san ko man ya cika sai an ɗaga motar a daidaice, inji na aiki, sikana na nuna maka zafin man ya kai inda littafi ya ce.

Na biyu, komai a ɗaure yake da komai. Sufacaja na zafafa iskar da take cusawa, iska mai zafi kuma na rage ƙarfi, tana iya fasa fistin. Don haka motar na da hanyar ruwa biyu, ɗaya ta inji, ɗaya ta sanyaya iska, kowacce da famfonta. A Demon har gas ɗin AC aka karkatar yana sanyaya wannan ruwa na biyu. Ma'ana, idan AC ya yi yoyo, gudun motar ya ragu. Wane bakanike ne zai fara neman ɓataccen ƙarfin inji a wurin mai gyaran AC? Sannan akwai tsarin da ke kulle tayoyin gaba don a ɗumama na baya, da wanda ke riƙe giya har direba ya saki a tashi da ƙarfi. Duk waɗannan hira ce tsakanin kwamfutar inji da ta giya da ta birki. Sensa ɗaya ta yi ƙarya, ko batir ya yi sanyi, sai fitilu su cika allo, kuma abin da sikana ta nuna ba lallai shi ne tushen ciwon ba. Ga kuma abin da na ce ku riƙe ɗazu: kowane tashi a filin tsere duka ne ga furofela da aksul da giya. Ka ƙara wa inji doki ɗari, abin da ya fi rauni a bayansa zai karye, ka gyara shi, na gaba ya karye.

Na uku, kuma shi ne sabon abu a wannan tarihi, makulli. Daga motocin 2015 kamfanin ya kulle ƙwaƙwalwar injin Dodge. Wanda ke son sauya lissafinta sai ya ciro ta ya aika wa kamfanoni irin su HP Tuners ko DiabloSport su buɗe, ko ya sayi wadda aka riga aka buɗe, kuma garantin injin ya shiga haɗari. Daga 2018 aka ƙara wani mai gadi tsakanin soket ɗin sikana da sauran kwamfutocin motar. Sikana ta gama-gari za ta karanta matsala, amma ba za ta goge ta ba, ba za ta ba wani sashe umarni ba, sai garejin ya yi rajista, ya biya kuɗin shekara, na'urarsa ta shiga intanet an tantance shi. General Motors ta bi sahu da Corvette ZR1 ta 2019 da Corvette ɗin da ta biyo baya, Ford ma ta tsaurara a Mustang ta 2024.

Akwai wani abu a labarin Demon da ke ba ni dariya, yana kuma ba ni haushi. A lokacin, da dala 1 mai ita kan karɓi wani akwati na musamman. A ciki akwai siraran wilin gaba na tsere, da jak, da na'urar kwance noti mai batir, da sifanar auna ɗauri, da ma'aunin iskar taya. Akwai kuma wata ƙwaƙwalwar da ke buɗe doki 840, wadda dila ne ke haɗa ta da motar. Ku duba kayan aikin da kyau, duk na sauya taya ne. Jikan waɗancan samarin na Kalifoniya, iyakar aikin da aka bar masa ke nan.

Adalci shi ne mu ji ta bakin kamfanonin, don ba a banza suka kulle ba. A Yuli 2015 wasu masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga wata Jeep Cherokee ta intanet daga nesa tana tafiya a kan babban titi da ɗan jarida a ciki, suka yanke mata giya. Kamfanin Fiat Chrysler, mai Jeep da Dodge, ya kira motoci miliyan 1.4 don gyara. Mai gadin 2018 daga nan ya fito. Ga sata: ɓarayi sun ƙware wajen jona na'ura a soket su haɗa sabon makulli, har wata cibiyar kamfanonin inshora ta bayyana a 2023 cewa Charger Hellcat ce motar da aka fi sacewa idan aka kwatanta da yawanta. Ga dokar hayaƙi, wadda ta hana a taɓa na'urorin tace shi a motar titi. Waɗannan dalilai ne na gaske.

Amma a shekarar 2015 ɗin nan dai, a watan Satumba, aka gano Volkswagen ta ɓoye manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi a miliyoyin motocin dizal. Masu bincike daga waje ne suka bankaɗo, ta hanyar auna hayaƙin a kan titi. Wato rufaffiyar ƙwaƙwalwa tana kare mota daga ɓarawo, tana kuma kare kamfani daga idon jama'a. Kuma a wannan shekara ce General Motors da John Deere mai taraktoci suka shaida wa ofishin haƙƙin mallaka na Amurka cewa manhajar da ke cikin abin hawa ba ta mai saye ba ce, izinin amfani kawai aka ba shi. Sun dogara da wata dokar 1998 da aka yi don hana satar finafinai da waƙoƙi. Ka biya kuɗinka, an ba ka takardu da sunanka, amma abin da ke sa motar ta tashi aro ne.

Mutanen can ba su naɗe hannu ba. A Oktoba 2015 aka yanke cewa mai mota na da damar shiga manhajarta don gyara, sai dai wannan sassauci duk bayan shekara uku ake sabunta shi. Tun 2012 masu zaɓe a jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a kan 'yancin gyara, cewa dole kamfani ya sayar wa ƙananan gareji bayanai da kayan aikin da yake ba dilolinsa. A 2014 kamfanonin suka amince su bi wannan a duk ƙasar. Da motoci suka fara aika bayanansu kai tsaye ga kamfani ta iska, jihar ta sake zaɓe a 2020, kusan kashi 75 cikin ɗari suka goyi baya, kamfanonin kuma suka garzaya kotu aka shafe shekaru ana shari'a. Kanikawa ne da masu sayar da kayan gyara da masu motoci suka haɗa kai suka kai maganar akwatin zaɓe.

Yanzu ga inda abin ya haɗa da mu. Demon ba za ta cika titunanmu ba, ko an kawo ta ma babu E85 a gidajen manmu. Amma motocin tokumbo da ke shigowa ta Legas da Kwatano, da yawansu daga gwanjon Amurka suke, kuma makullin da aka sa wa Challenger shi ne a jikin Jeep da Ram da Charger na gama-gari tun daga wajen 2018. Sauran kamfanoni ma hanyar suka kama. Motar da take sabuwa a can yau, ita ce za ta tsaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo nan da shekara goma. Iyayen gidanmu na kanikanci a kan Peugeot 504 suka taso, wadda aka haɗa a Kaduna, kuma wallahi sun iya. Su ne suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru da kunne da hannu. Amma dabarun da aka saba, a cire tamostat, a fasa indomi a sayar, a haɗa waya kai tsaye a tsallake sensa, a wannan motar ƙwaƙwalwa za ta gane, ta rage ƙarfi, ta ƙara shan mai, ko ta ƙi tafiya. Sai a ce bakanike ya lalata mota, alhali an hana shi ganin cikinta ne.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke garejin nan. Yaro ya shekara biyar ko bakwai yana wanke noti, yana shiga ƙarƙashin mota, a yaye shi da sana'ar da motocin gobe ba za su amsa mata ba. A gefe guda ga namu masu digiri a kwamfuta da lantarki suna zaune babu aiki, suna ganin gareji ƙasƙanci ne. Wannan yana da hannu, wancan yana da karatun, kuma motar yanzu sai an haɗa biyun take gyaruwa. Idan kai ɗan boko ne mai neman abin yi, je ka zauna da oga a gareji, ka koyi inji, ka koya musu karanta taswirar wayoyi da sikana. Idan kai oga ne, ka bar yaronka ya je makaranta ko da ta yamma ce. Ƙungiyar kanikawa ta NATA za ta iya haɗa kuɗi ta sayi na'ura da rajista guda ɗaya da gareji ashirin za su yi amfani da ita. Hukumar NADDC da ke kula da harkar motoci, da 'yan majalisarmu, ya kamata mu fara tambayarsu: duk kamfanin da ke sayar da mota a ƙasar nan, me ya hana a wajabta masa ya buɗe wa kanikawanmu bayanan gyara? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su can da suke da dokoki da lauyoyi sun fi shekara goma suna wannan faɗa, mu ko fara maganar ba mu yi ba.

A nan zan dakata. Kanikawa da 'yan rewaya da ke bibiyar wannan shafi, ku faɗa mana a ƙasa, wace mota ce ta fi ba ku wuya a 'yan shekarun nan, kuma me ya tsayar da aikin, kayan gyara ne ko na'ura? Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.